Zango Ya Zama Gari: Zaman Iyalin Bahaushe A Ƙasar Gana

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar 'yan goro ta Agege, ko a Sabo ta Shagamu, ko a bakin masallacin Sabo a Badun bayan la'asar, ya san ba a tashi hira ba a kawo zancen Gana ba. Wani ƙanensa ne a Kumasi, wani 'yarsa aka kai aure Akra, wani kuwa shi da kansa ne ke ta saƙa da warwara, ko ya tattara iyali ya ƙara gaba, tun da an riga an baro gida. Zancen da aka fi yi shi ne na kasuwa, watau nawa huhun goro, nawa ake canjin sidi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda mace da yara ke kwana su tashi a can, da kuma abin da zaman ke zame wa zuriya bayan shekara ashirin ko talatin.

Wannan ne ya sa na bi hanyar gaɓar teku daga Ikko, na ƙetare iyakar Seme, na ratsa Kwatano da Lome, na shiga Gana ta Aflawo. Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, kuma a kowace sai an duba fasfo da katin allurar shawara. Na sauka a unguwar Nima a Akra, a gidan wani dattijo mutumin ƙasar Katsina, daga baya na wuce Kumasi. Ga abin da na gano wa masu karatu.

Yadda Aka Fara

Bahaushe ba baƙon wannan ƙasa ba ne jiya ko shekaranjiya. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da jemammun fatu kasuwar Salaga su komo da goro. Inda ayari ya yada kaya ya kwana, nan ne zango, gobe a yi gaba. Bayan da Turawan Ingila suka ci Tonawa da yaƙi a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai fatake suka bazu, wasu Kumasi, wasu Kete-Kraci, wasu Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. A can suka tarad da 'yan'uwansu da Turawa suka ɗebo daga Ikko aikin soja da ɗan sanda.

Mutum biyu sun isa misali. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya zauna a Akra inda mahaifiyarsa take, ya yi ta ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, da ya samu sai ya koma Kano, a can ya rasu a 1955. Shi kuwa Alhaji Umaru, shahararren malamin nan kuma mawaƙi da aka haifa a Kano a 1858, bai komo ba. Ya zama limamin Kete-Kraci, a can aka binne shi a 1934. Har yau kowane magidanci da ya je Gana ɗayan hanyoyin nan biyu ke gabansa. Inda matsala take shi ne, da yawa ba su zaɓi ko ɗaya ba. Suna nan dai a zango, kullum ana cewa baɗi za a koma.

A wajajen 1910 Malam Bako ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zango na Akra, kusan lokacin da aka kafa Sabo ta Badun a 1916. Daga baya Nima da Mamobi da Fadama da Madina suka cika. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase da Sawaba. Yau kalmar zango a Gana ba Bahaushe kaɗai ta ƙunsa ba. Akwai Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da Fulani da Yarabawa da Dagwambawa, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da tsakar gida.

Ɗaki Kafin Kome

Abu na farko da zai tari sabon zuwa shi ne ɗaki. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata 6 a dunƙule, amma a Akra abin da aka saba shi ne a ce ka ajiye na shekara ɗaya ko biyu kafin a ba ka makulli. Saboda haka wanda ya zo da ɗan jarinsa a ɗaure, sau da yawa rabinsa a ɗaki yake ƙarewa tun bai sayi kome ba. Shi ya sa masu hankali ke zuwa su kaɗai tukuna, su raɓa a zauren fatomansu, sai ƙafa ta tsaya kana su aika a kawo iyali.

Gidan da na sauka gidan haya ne irin na yawa, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, kowane iyali da ɗakinsa, mai hali kuma ciki da falo. A ƙofar kowane ɗaki akwai kurfoti da turmi da jarkoki masu ruwan ɗorawa, domin famfo ba kullum yake kawowa ba, sai a sayi ruwa a maƙwabta. Makewayi ɗaya ne ga gida duka, a wasu gidajen ma babu, sai na gwamnati da ake biya a shiga. Wanda ya zauna a Idi-Araba ko Mushin ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Amma ga matar da aka ɗauko kai tsaye daga ƙauyen Daura ko Gumel, abin da girma. A gida tana da sashenta, da katanga, da zaure tsakaninta da idon waje. A nan kuwa labule ne kaɗai. Maƙwabciyarta ta dama Kirista ce 'yar kabilar Ewe, na hagu gwauro ne Bazabarme mai tallan yadi. Kulle irin na gida ba shi yiwuwa, ko maigida ya so. Wata ƙanwar mai masaukina ta gaya mini cewa watanninta na farko kullum sai ta yi kuka, ba don an yi mata wani abu ba, sai don kunyar girki a gaban maza. Ta ce wadda ta fara koya mata hanyar asibiti da sunayen kayan miya ita ce maƙwabciyar nan Kirista, kuma ita ta riƙe mata goyo ranar da ta yi haihuwa ta biyu.

Tukunyar Uwargida

Tun kafin kiran assalatu tsakar gida ta farka. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, karin kumallon da Akra ke yi da safe daga hannun matan zango yake fitowa. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, mutanen Gana da kansu Hausa koko suke ce masa, ana sha da ƙosai. Shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, sunanta wace a bakinsu, daga waken namu. Tuwon zafi ya shiga kowane gidan abinci, tsire kuwa ya koma cicinga. Da hantsi sai ka ga ma'aikacin banki da laya a wuya ya bi layi a gaban teburin wata Hajiya.

Wannan ciniki shi ne ginshiƙin gidaje da yawa, ko da ba a faɗa a zaure. Maigida na ba da kuɗin cefane, amma takalmin makaranta da kuɗin magani da kayan ɗakin 'ya mace, galibi daga tukunyar koko suke fitowa. Matan suna zuba adashi, wanda a can ake kira susu, kullum mai karɓa na zagayawa da ɗan littafinsa. A shekarar 2022, lokacin da sidi ya faɗi warwas har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, gidajen da uwargida ke da sana'a ne suka fi jurewa, domin mai sayar da abinci ko ba riba 'ya'yanta ba su kwana da yunwa.

Sai dai akwai abin da ke biye da wannan. Matar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta hura wuta, ta ciyar da gida, ba za ta yi shiru in an zo shawarar komawa Arewa ba. Na ji magidanta suna gunaguni a kan haka, suna cewa matan Gana sun buɗe wa nasu ido. Ni dai abin da na gani shi ne, har gobe "Maigida" ko "Alhaji" take kiransa, ba ta kama sunansa, tana durƙusawa in ta kawo ruwa. Amma ta san nawa ta zuba a gidan, shi ma ya sani.

Tuwon dare kuma ya canja. Yaran da aka haifa a can sun fi son kenke da soyayyen kifi da yajin shito, ko banku, ko sakwara da miyar gyaɗa. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ana samu a kasuwar Nima ranar Laraba, amma a gidaje da yawa tuwon dawa miyar kuka ya zama abincin Baba, ana yi masa shi kaɗai a 'yar tukunya.

Inda Maigida Ke Yini

Sana'o'in maza su ne waɗanda muka sani: goro, shanu, fawa, canji, ɗinki, gadi, tuƙi, da malanta. Karar shanu ta Tulaku a Ashaiman, kusa da Tema, cike take da masu jin Hausa. Cinikin albasa kuwa yawancinsa a hannun mutanen Nijar yake, kuma a 2021 aka tashe su daga Agbogbloshi a tsakiyar Akra aka mai da su Ajen Kotoku a bayan gari, abin da ya ƙara wa magidanta da yawa tafiyar sa'o'i a motocin haya da ake kira turoturo. Juma'a ranar aiki ce, domin Musulmi kimanin kashi 20 cikin 100 ne bisa ga ƙidayar 2021, amma ba mai hana ka zuwa masallaci, kuma tun zamanin Rolins aka mai da Sallah ƙarama da babba ranakun hutu.

Amma fa wanda ke da niyyar buɗe kanti ya saurara da kyau. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe cinikin kasuwa da talla da ƙananan rumfuna ga 'yan ƙasa kaɗai. Ta ce baƙon da ke son saye da sayarwa sai ya zuba jarin dala miliyan 1, ya kuma ɗauki 'yan Gana 20 aiki. A kan wannan doka aka rufe shagunan 'yan Nijeriya masu yawa a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. 'Yan zango na dauri ba su cika shiga wannan rigima ba, tun da 'yan ƙasa ne. Sabon zuwa ne ke cikin tsaka mai wuya. Abin da da yawa ke yi shi ne su sa sunan wani ɗan ƙasa a takardar shago, aboki ko suruki. In zama ya yi daɗi, lafiya lau. Ran da aka ɓata kuwa, ko mai sunan ya mutu magada suka taso, ba ka da bakin magana a gaban alƙali.

Harshen Yara

Da yamma yara suka dawo, sai na zauna ina sauraronsu. Da uwarsu Hausa suke yi, da abokan wasa harshen Ga ko Tonanci, a makaranta Turanci, a makarantar allo Larabci. Hausar tasu kuwa irin ta can ce. Ba su bambanta mace da namiji, sai yaro ya ce "Mma na ya tafi kasuwa." Ƙa da ɗa sun zama ka da da. Mai masaukina ya ce da farko yakan gyara musu, har ya gaji ya bari. Ba abin raini ba ne, harshe ne da ya yi shekara fiye da ɗari yana yi wa kabilu barkatai hidima, har gidan rediyon gwamnatin Gana na watsa labarai da Hausa. Amma ran da aka kai yaron Katsina hutu, 'yan'uwansa za su yi ta yi masa dariya, su sa masa suna Ɗan Gana, shi kuwa a Nima ana ce masa ɗan Nijeriya. Yaro ba ya manta irin wannan.

Wani abin lura, Hausa ba ta cikin harsunan gida da gwamnatin Gana ta ware don koyarwa a makarantunta. Saboda haka yaro zai tashi yana jin Hausa kamar ruwa, amma bai iya karanta wasiƙar kakansa ba, in ba uban ya zaunar da shi ya koya masa ba.

Game da boko, zango ya daɗe a baya, kuma dalilin sananne ne gare mu. Makarantun farko na mishan ne, iyaye suna tsoron a juyar musu da 'ya'ya. A 1987 gwamnati ta kafa sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi, aka shigar da makarantun Islamiyya da yawa cikin tsari, ana koyar da Larabci da addini tare da Turanci da lissafi, gwamnati na biyan malamai. A 2017 kuma aka soke kuɗin makarantar sakandare ta gwamnati. Yau akwai 'ya'yan zango likitoci da lauyoyi da 'yan majalisa. Amma har yanzu akwai gidajen da ake cire yarinya daga aji don ta taya uwarta tallan koko, akwai kuma uban da ke cewa ba amfanin yaro ya yi nisa a karatun Gana tun da gida za a koma. Shekara goma sha biyar ta wuce ba a koma ba, yaron ya tashi ba karatun nan ba na can.

Ranar Da Aka Nemi Takarda

Jama'a, a nan ne zaman ƙasar wani ya bambanta da zaman Kurmi. Mai karatu da ke Ikko ya san zafin a ce ɗan da ya haifa a Agege sai ya koma ƙaramar hukumar kakansa ya karɓo takardar ɗan asali. Amma kome tsanani ba mai ikon ɗora shi a mota ya fitar da shi daga Nijeriya. A can kuwa an taɓa yi, ba sau ɗaya ba.

A 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, gwamnatin Nkuruma ta kori Alhaji Amadu Baba, jigon zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan, aka kawo su Nijeriya, alhali suna gaban kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne. Sa'an nan ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busiya ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nemo ta cikin kwana 14 ko ya fita. Ƙidayar 1960 ta nuna kimanin kashi 12 cikin 100 na mazauna Gana baƙi ne, kuma kaɗan ne a cikinsu suka taɓa riƙe irin wannan takarda, domin ba wanda ya taɓa tambayarsu. Mutane fiye da 100,000 suka fita, 'yan Nijeriya ne suka fi yawa, Yarabawa da Hausawa da sauransu. An sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kuɗin banza. An raba mata 'yan ƙasa da mazajensu baƙi. Yaran da ba su taɓa ganin Nijeriya ba aka zuba su a manyan motoci da jiragen ruwa zuwa ƙasar da a lokacin take cikin yaƙin basasa.

Mai masaukina yana ɗan shekara tara a lokacin. Ya ba ni labarin yadda mahaifinsa ya kai su Katsina, suka tarar an daɗe da raba gonar gado, ba a bar masa ko taki ɗaya ba, domin shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba. Suka yi damina biyu a ɗakin aro, kana suka lallaɓa suka komo Akra. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kada kuma mu ɗauka mu tsarkaka ne. Ran 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Nijeriya, 'yan Gana kimanin miliyan 1 suka yi cincirindo a Apapa da Seme, har jakar da suka zuba kaya ta sami suna Gana-mas-go. Wannan kuwa ya faru ne bayan an kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, bayan kuma an sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979. Yarjejeniyar nan abin da ta ba ka shi ne ka shiga ba biza ka zauna kwana 90. Wanda zai wuce haka, da shi da matarsa da yaransa, sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice, ya kuma yanki katin shaida na baƙi.

Da yawa suna zaton wanda aka haifa a Gana ya zama ɗan Gana. Ba haka tsarin mulkin 1992 ya ce ba. Sai in uwa ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanni, ɗan ƙasa ne. A 2020 ma Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ita kaɗai ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba. Yanzu kuwa katin ɗan ƙasa ya shiga kome, da rajistar layin waya da buɗe asusun banki. Kukan da aka daɗe ana ji a zango shi ne, mai suna Garba ko Hamidu yakan sha tambayoyin da ba a yi wa mai suna Kwame, ko da kakan kakansa a Salaga aka binne shi. Wanda iyayensa suka adana takardu yakan wuce. Wanda ba a adana masa ba sai ya yi ta yawon neman mai rantse masa.

Ta ɓangaren Nijeriya ƙofa a buɗe take. Tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan da aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne, kuma akwai ofishin jakadancinmu a Akra. Gana ita ma ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Amma sai uba ya tashi ya bi sawun abin tun yana da rai. Na ga samari a Nima da Aboabo waɗanda ba su da takardar nan ba su da ta can, ba su kuma san sunan ƙauyen kakansu ba, sai dai "wajen Sakkwato."

Biki Da Makoki

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka zaman baƙin ciki ake yi. Ran suna tun da asuba ake shimfiɗa tabarmi a titi, liman ya raɗa suna, a raba goro, wanzami ya yi aski. Ran biki mata su yi anko su cika unguwa. Ran Sallah Sarkin Zango ya fito da jama'arsa, a Kumasi kuma akwai girmamawa mai tsawon tarihi tsakanin zango da fadar Sarkin Tonawa. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Akra a 1919 aka kuma naɗa shi babban limamin ƙasa a 1993, ɗan zango ne, kuma shugabannin ƙasa sun sha zuwa gaishe shi har gida. A 2021 aka buɗe babban masallacin ƙasa a Kanda, dab da Nima.

Aure ne ke yanke hukuncin da uba ya kasa yankewa. Ran da 'yarka ta auri Badagwambe ko Bawangare ɗan ƙasa, jikokinka sun zama 'yan Gana, uwarsu kuwa ba inda za ta. Ran da ka ce a koma gida, uwargida za ta tambaye ka wa za ta bar wa 'yarta. Haka mutuwa. Maƙwabta Tonawa sukan ajiye gawa makonni ko watanni kafin a yi jana'iza, har a ɗauke ta zuwa garinsu. Mu kuwa ba ma kwana da mamaci. Wanda ya cika da safe a Kumasi, kafin la'asar yana maƙabartar Tafo. Saƙo ne kawai zai je Arewa ta waya, a yi zaman makoki a can ba gawa. Tsofaffin zango sukan ce ran da ka binne naka a gari, ka daina zama baƙo a cikinsa, ko hukuma ta yarda ko ba ta yarda ba.

Zumunci da gida yanzu ya yi sauƙi, ga waya ga hanyar aika kuɗi ta hannun 'yan canji. Amma an ce zumunta a ƙafa take. Da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ga kuma annobar korona, mutane da yawa sun rasa iyaye ba su sami zuwa ba. A nan ne wasu suka fara lissafin shekarun da suka yi ba su taka gida ba.

Jan Hankali

To, ga wanda ke Ikko ko Badun ko Fatakwal yana tunanin ƙarawa gaba da iyali, ba mu ce kada ya je ba. Gana ƙasa ce mai zaman lafiya, mutanenta suna da fara'a, kuma Bahaushe ba ya rasa masauki a cikinta. Hasali ma wannan sauƙin shi ke sa mutum ya saki jiki, ya ji kiran salla da Hausa a ko'ina, ya manta a ƙarƙashin tutar wani yake.

Namu dai jan hankali ne. Ya zauna da uwargida tun kafin a ɗaure kaya, a san ko zuwa za a yi a samo a komo kamar Ɗantata, ko zama za a yi kamar Alhaji Umaru. In komowa ce, a riƙa kai yara gida ko da shekara biyu-biyu, su san dangi, a kafa ko da ɗaki ɗaya a garinsu, a yi musu fasfo. In zama ne, a bi hanyar hukuma a nemi takardar da ta dace, a bar yara su yi karatu iyakar ƙarfinsu, mata da maza. Kowace aka zaɓa, a yi wa kowane jariri rajistar haihuwa, a rubuta sunan gari da unguwa da sunayen kakanni a ajiye a akwati.

Ran da zan taso, mai masaukina ya rako ni tasha, jikansa na riƙe da jakata. Ya ce in na je Katsina in gaishe masa da mutanen unguwarsu, in Allah ya yarda baɗi yana tafe. Yaron ya dube ni ya yi murmushi, domin tun yana goye yake jin wannan baɗin.

Allah ya tsare matafiya, ya albarkaci nema, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.